Tarin da Na Kai Umdurman, da Maganar da Ta Fi Shi Gudu

Tun da na dawo daga Sudan ban taɓa zama a dakalin masallacin unguwarmu ba sai wani ya ce, "Malam Sule, ba mu labarin Hartum." Wasu abinci suke tambaya, wasu kogin. Amma akwai waɗanda sai an watse suke matsowa kusa, su rage murya su ce, "Wai da gaske ɗanta ya kulle ta a ɗaki?" Saboda su na zauna na rubuta wannan. Karatuna ba mai zurfi ba ne, a yi haƙuri da abin da aka samu.

Tafiyar ta kasance ne kafin yaƙin nan da ya tarwatsa garin. Yayata na je gani, Yaya Hajara. Ina ɗan yaro aka aurar da ita, mijinta ya ɗauke ta suka nufi aikin hajji ta ƙasa, sai zama ya kama su a Umdurman, can suka hayayyafa. Mijin ya daɗe da rasuwa. Babban ɗanta, Usman, shi ne ya aiko mini cewa tsufa ya kama ta sosai, ƙirjinta ba lafiya, kuma tana yawan kiran sunana.

Ni mai sayen fata ne tun ina saurayi. Sana'armu ita ce ka ɗaga fata ka haska ta da rana kana neman huji, ko da mai ita ya rantse lafiyarta ƙalau. Wannan hali ya bi ni har cikin hulɗa da mutane. Da Usman ya ce zai saya mini tikitin jirgi daga Kano, sai na ce a raina, me ya sa yake son ya san ranar da zan sauka da sa'ar? Na ce masa ta ƙasa zan zo, hanyar da uwarsa ta bi.

Daga Haɗeja na sauka Maiduguri, daga nan Gamboru, na tsallaka zuwa Kusiri, sai Injamena. Ba zan ja ku da wannan ba, domin da yawanku kun san ta. Wahalar daga Injamena zuwa Abeshe take. Motar babba ce, an rufe tagogi saboda ƙura da sanyin na'ura. Wanda ya zauna kusa da ni wani ɗan kasuwar turare ne, mai fara'a, yana jin Hausa sama-sama. Tun da muka tashi yake tari. Kofi ɗaya ne a ɗaure jikin jarkar ruwa, kowa da shi yake sha. Ni kuwa hankalina duk yana kan jakata. Na ɗaure ta a ƙafata da igiya, ina lura da hannun mutumin nan. Hannunsa bai taɓa mini komai ba. Da muka rabu har ya ba ni 'yar kwalbar turare kyauta, na yi ta jujjuya ta ina neman dalili.

A kan iyaka, a Adire, wani jami'i ya nufo goshina da wani abu kamar ƙaramar bindiga. Na sunkuya na kauce, rawanina ya faɗi. Mutane suka yi ta dariya. Ashe zafin jiki yake aunawa. Ya auna, ya ce ba komai, na wuce. A Jinena na kwana a wani masauki da gadajensa na igiya ne a jere a tsakar gida, su suna ce wa irin gadon angareb. Daga nan Usman ya kafe a waya cewa hanyar gaba ba ta tsoho ba ce. Na ba da kai na hau jirgi. A cikin jirgin na fara jin maƙogwarona yana ƙaiƙayi.

Usman ya tarye ni a filin jirgi. Dogo ne, da furfura a gemu, kamannin mahaifinmu sak. Gaisuwarsu daban ce: a dafa kafaɗa, a rungume, a sake dafawa, ana ta jero tambaya ba a jiran amsa. Hausarsa irin ta kakanninmu ce, amma kowace jimla sai ya tsoma Larabci a ciki. "Ya Hali," yake ce mini, wato kawu. Muna cikin rungumar na yi tari a kafaɗarsa. Na ji jikinsa ya ɗan tsaya. Na lura da wannan, na ajiye.

Maimakon mu nufi Umdurman, sai ya haye wata gada ya kai ni gidansa a Alhilla Kuku. Ya sauke ni a ɗakin baƙi na maza da ke bakin ƙofa, wanda suke kira diwan. Aka kawo tire babba: wake dafaffe da man riɗi, da wata irin waina siririya kamar takarda mai tsami, da miyar kuɓewa busasshiya. Miyar ce kawai ta gane ni, na gane ta.

"Yaushe za mu wajen Yaya?" na tambaya.

"Ka huta tukuna, ya Hali. Bari Ihsan ta duba ka."

Ihsan 'yarsa ce, babbar mace da aurenta, ta karanta harkar kiwon lafiyar jama'a, tana aikin rigakafi. Ta shigo da takunkumi a fuska, ta tsaya daga nesa. Jiddo take ce mini, wato kaka.

"Sannu da zuwa, Jiddo. An ce mini mijina ya iso daga Najeriya, ashe tsoho aka aiko mini."

"Amarya, wane irin aure ne ake tarar ango da rufaffen baki? Haƙora ne babu?"

"Akwai su. Naka nake jin tsoro su zubo."

Ta zura mini wani tsinke a hanci har na ji shi a ƙeya. Bayan ɗan lokaci ta dawo ta ce korona ce. Na yi dariya. Na ce a garinmu an daɗe da daina zancenta. Ta ce ita cutar ba a sanar da ita an daina ba. Ta ce ni da alama zan warke lafiya, amma Habboba, wato kakarta, idan abin ya shiga ƙirjinta ba lallai ta tashi ba. Don haka zan zauna a diwan sai na warke, shi ma Usman ba zai je wajen uwarsa ba tunda na yi masa tari a wuya.

Na ce, "Ni kaɗai ne fa. Mutum ɗaya. Me mutum ɗaya zai yi wa gari guda?"

Sai ta jawo farantin dabino da ke gabana da tsinin yatsa. Ta ware ɗaya ta ce wannan ni ne. Ta ce a karatunsu kowace cuta mai yaɗuwa akwai lambar da ake ba ta, harafi ne da sifili a gindinsa. Ma'anarta, idan mai cutar guda ɗaya ya shiga cikin mutanen da ba wanda ya taɓa yin ta, ba wanda aka yi wa rigakafi, ba wanda yake kiyayewa, mutum nawa zai shafa wa kafin ya warke? Ta ce a ɗauka uku ne. Ta jera dabino uku. Kowanne cikin ukun ya shafa wa uku, tara ke nan. Ta jera tara. Daga tara sai ashirin da bakwai, dabinon farantin ya ƙare.

"In lambar ta haura ɗaya, cuta gaba take yi," ta ce. "In ta gaza ɗaya, wato mutum goma ba sa iya shafa wa goma, da kanta take mutuwa. Ta ƙyanda ta haura goma, shi ya sa ka ga muna bin gida-gida da allura."

Na ce, to wa ya ƙirga? Wa ya bi mai tari yana lissafa masa? Ta ce ba wai kowa daidai uku ba ne, wani ba ya shafa wa kowa, wani kuma ya kwantar da taron biki guda. Matsakaici ake ɗauka. Ta ce kuma lambar ba a jikin cutar kaɗai take ba, tana jikin mutane. Abu uku ne: mutum nawa kake cuɗanya da su, yaya sauƙin tsallakawarta in kun haɗu, da tsawon kwanakin da kake ɗauke da ita. "Mu nan da muke rungumar juna, mu ci tire ɗaya, mu cika ɗakin mara lafiya da dubiya, lambarmu ba za ta zo daidai da ta mutanen da ba sa gaisawa ba."

Na saurare ta har ta gama. Sannan na ɗauki dabinon da ta ce ni ne, na cinye. Na ce, "To ga shi na kashe cutar." Ta girgiza kai ta fita. A raina kuwa na ce, bayanin nan ya cika tsari. Wanda ya shirya maka dogon bayani tun kafin ka tambaya, akwai abin da yake rufewa.

Kwanakin da suka biyo baya na yi su ina haska fata. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye mini. Na ce a haɗa ni da Yaya a waya. Aka haɗa, ina ganinta a kan gado, ina ta kiran sunanta, ita kuwa tana kallon wani gefe tana maganarta. Usman ya ce kunnenta ne ya yi nauyi. Na ce a raina, ko dai tsohon hoto ne suka kunna mini? Na tambayi sunan unguwarta, ya faɗa da sauri yadda ban riƙe ba. Na ji matarsa suna magana da Larabci a tsakar gida, na tsinci kalmar gida a ciki, sai suka yi shiru da na yi gyaran murya. Yanzu na san maganar gyaran famfo suke yi. A lokacin kuwa na haɗa ɗaya da ɗaya na samu abin da nake nema: ko ta rasu sun ɓoye, ko sun jefa ta wani lungu suna cin gidan.

Zazzaɓin da ya biyo baya ya ɗan sauka, tarin na nan. Wata safiya da Usman ya shiga wanka, na sa babbar rigata na fice. Ina da sunan wani tela a Kasuwar Umdurman, Usta Idirisu, wanda kakansa mutumin garinmu ne. Na ce a raina shi zai nuna mini gidan Yaya. Na hau ƙaramar bas. A can ba a cewa "akwai sauka". Ɗan yatsa ake ƙyastawa, kwandasta ya ji. Ni ban sani ba, na yi ta kiran "Direba! Direba!" har muka wuce inda zan canja mota. Wani ɗalibi ɗan Nijar ya ji Hausata, ya sauko da ni ya sa ni a hanya. Na gode masa da hannu biyu. Allah Ya sa bai kwasa ba.

Kasuwar kuwa ta yi mini kama da Kurmi, sai dai ta fi faɗi. Layin kayan yaji daban, na maƙera daban, na masu tufafi daban. A bakin hanya akwai randuna a inuwa da kofi ɗaure, kowa ya sha sadaka. Na sha. Mata masu shayi suna zaune a kan ƙananan kujeru da gawayinsu, abin da a wajenmu sana'ar maza ce. Na yi ta tambaya har aka nuna mini shagon.

Usta Idirisu ya rungume ni kamar ya san ni. Shagon ƙarami ne, keken ɗinki uku, mutum biyar a ciki. Aka aika a kawo gahawa mai citta. Muka yi ta lissafa dangi. Da ya ji ni ƙanin Hajja Hajara ne sai ya ce, "Allahu Akbar! Ka gan ta? Yaya jikinta?"

Na kurɓi gahawa. Na ce, "To, ni dai ban ce komai ba. Amma tun da na zo ɗanta bai bari na sa ta a ido ba. Sun ce wai tari nake yi."

"Tari?" in ji wani mai guga. "Tari ne zai raba mutum da 'yar'uwarsa?"

"Ni ma abin da na gani ke nan. Ban dai ce komai ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, Allah Shi ne shaida. Ban ma samu zuwa gidan Yaya ba, domin jiri ya ɗebe ni a shagon, suka sa ni a keke mai ƙafa uku, wanda suke kira raksha, har tashar mota, na koma Alhilla Kuku. Usman yana bakin ƙofa, fuskarsa ba jini. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ma'alesh," wato ba komai, "ya Hali, ka shiga ka kwanta." Wannan haƙurin nasa ma na sa shi a cikin abin zargi.

Ba a jima ba wayarsa ta fara ƙara. Daga unguwar Mayo aka kira, daga unguwar Umbadda aka kira, har daga wani gari na gabas. Ina jinsa ta taga yana rantsuwa. Ranar Juma'a da hantsi Ihsan ta faɗo diwan, wannan karon ba wasa.

"Jiddo, me ka faɗa a kasuwa?"

"Ban ce komai ba."

"Mutum nawa ne a wurin lokacin da ba ka ce komai ba?"

"Biyar."

"To, biyar ɗin nan kowa ya koma gida. Yanzu a Mayo cewa ake Baba ya kulle uwarsa ya sayar da gidanta. A Umbadda cewa ake ta rasu an binne a ɓoye. Dattawa sun yi shawara, bayan an sauko Juma'a za su taru su je su gani da idonsu, maza da mata. Gwaggo Zainab da ke jinyarta ba ta isa ta rufe wa dattawa ƙofa ba. In Baba ya hana, ya tabbatar musu. Kuma Usta Idirisu yana kwance da zazzaɓi, shi da mai gugarsa, kuma a cikin masu zuwan akwai waɗanda suka je duba su."

Ta tsaya ta kalle ni. "Ka tambaye ni wa ya ƙirga. Ga shi ka ƙirga da kanka. Ka shiga cikin mutanen da ba wanda ya taɓa jin maganar, kuma kowa a shirye yake ya ɗauka."

Na kalli farantin dabino. Ɗakin Yaya nake gani cike da mutane, kowa yana sunkuyawa kusa da kunnenta yana ɗaga murya saboda ta ji.

Na ce, "Me zan yi?"

Ta ce, "Kai ne ƙaninta. Kai kaɗai ne za ka tsaya a ƙofar nan a ji maganarka."

Ta sa mini takunkumi biyu. Usman ya tuƙa, tagogi a buɗe, muka haye gada. Gidan Yaya yana wani lungu mai itacen darbejiya a bakinsa. Aka ajiye mini kujera a gindin itacen, nesa da ƙofa, Ihsan ta ja layi a ƙasa da ƙafarta.

Suka fara isowa rukuni-rukuni, fararen riguna da rawuna, mata a lulluɓe. Wani dattijo mai sanda ya miƙo hannu zai rungume ni, na ɗaga tafina na ce ya tsaya a nan. A ƙasar nan wannan kusan zagi ne. Na ga fuskarsa ta canja.

Na ce, "Ni ne Sule, ƙanin Hajara. Ni na fara maganar nan a kasuwa, kuma ba ni da hujja ko ɗaya. Cuta ce a jikina, na kuma kai wa tela. Yaron nan uwarsa yake karewa daga gare ni. Yau kuma ni zan kare ta daga gare ku."

"To mu gan ta mana, hankalinmu ya kwanta," in ji dattijon.

Zainab ta buɗe ƙofar gidan gaba ɗaya. Can ƙarshen tsakar gida, a inuwar rumfa, ga Yaya a kan gadon igiya, an jingina ta da matasai, tana jan carbi. Tsakaninmu da ita akwai tazara mai yawa. Ta ɗaga hannu, ba ta ma san wa take ɗaga wa ba. Haka na fara ganin yayata ido da ido bayan shekarun nan duka, ta kan kafaɗun mutane, ina kuka a cikin takunkumi.

Ba wanda ya tsallake layin. Wasu sun tafi suna gunaguni. Kowa na tare na tambaye shi, "Wa ka gaya wa?" Na roƙe shi ya koma ya warware. Kowa ya ce to.

Yaya ba ta kamu ba. Usta Idirisu ya sha jiki, matarsa ma ta kwanta, amma Allah Ya tashe su. Na je na roƙi gafararsa bayan na warke, ya ce ya yafe, amma bai sake aikawa a kawo gahawa ba.

Da Ihsan ta ce na tsarkaka, aka kai ni na zauna a bakin gadon Yaya. Ta shafa fuskata da hannu biyu, ta daɗe a kan gemun. Muka yi maganar mahaifiyarmu, da rijiyar gidanmu, da mutanen da duk sun mutu. Hausarta tsaf, babu Larabci ko ɗaya, kamar jiya ta bar gida. Can sai ta jawo kunnena.

"Sulaimanu, an ce mini wai an kulle ni."

"Wa ya gaya miki, Yaya?"

"Mata uku, kowacce da ranarta, a waya. Ni da ba na ji ma ta iso ni." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, duk muka tsorata. Da ta lafa ta ce, "Tun kana ƙarami ba ka cin tuwo sai ka tona tsakiyarsa. Ɗana ne fa. Shi yake yanke mini farce."

Na zauna da ita har ƙarshen watan. Ranar da zan taho Usman ya kai ni filin jirgi, wannan karon ban yi gardamar tikiti ba. A hanya ya tsaya sayen burodi, na ga mai shagon ya amsa sallamarsa a taƙaice ya kau da kai. Na tambayi Ihsan, da ta rako mu. Ta ce, "Jiddo, maganarka ta farko duk wanda ya ji sai ya gaya wa mutum uku ko huɗu. Ta biyun, wadda ka yi a gindin darbejiya, mutum goma za su ji, da ƙyar biyu su maimaita. Ba ta da daɗin faɗa. Lambarta ba ta kai ɗaya ba."

Da na iso gida na tarar ta farkon ta riga ni sauka, ta waya, ba biza ba tikiti. Yaya ta rasu a gadonta, kanta a kan cinyar Usman, kafin a harba harsashin farko a garin. Su Usman yanzu suna gabashin Sudan, sun bar komai, kuma har can wani ya taɓa tambayarsa gidan uwarsa da ya sayar.

Don haka ga amsar masu rage murya: bai kulle ta ba. Ni ne aka kulle, kuma daidai aka yi. Wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya tsaya a kansa, kada kuma ya gaya wa mutum ɗaya ya ce ya sauke nauyi. Ɗaya ba ya isa, an yi mini lissafin da dabino. Ya gaya wa biyu.